Kwalbar Da Aka Kankare Wa Suna

SHAFI NA 14

Salamu alaikum ƴan gidan nan. Farida ta Tondibia, na ga saƙonki har sau tara, wai in ban saki shafi yau ba za ki biyo ni gida. Ki zo, akwai wanki yana jiranki. Masu zagin Tanti Safiatou tun ba ku ji ta bakinta ba kuma ban hana ku ba, don ni ma da nake rubutun ban gama yarda da matar nan ba. Ga wanda ya shigo yau: Jamila tela ce a Boukoki, ita ce autar Hajiya Mariyam mai sayar da shadda a Babbar Kasuwa. Jiya mun tsaya inda ta tsinci wata kwalba a ɓoye cikin kayan turaren uwar.

*

Kwana biyar ke nan Jamila tana ƙirgawa a ranta, ba ta gaya wa kowa ba. Kwana biyar Inna ba ta kai goshinta ƙasa ba. Matar da kafin ladan ya gama gyaran murya ta riga ta ɗauki buta, yau ga azahar ta wuce tana kishingiɗe tana ɓarar gyaɗa, rediyo na kiɗa, har da kaɗa ƙafa.

Jamila ta shiga ta rage rediyon, ta ajiye kwalbar a gabanta. Farar roba ce mai kan da ake dannawa, an bi takardar jikinta da reza an kankare tas.

"Inna, mi ne wannan?"

Hajiya Mariyam ta kalli kwalbar, ta kalli ƙofa, sannan ta kalli ƴarta. Kallon ƙofar nan ne ya tsaya wa Jamila a rai.

"Mai ne na shahwawa. Wa yac ce ki taɓa min kaya?"

"Humra nike nema. Wane irin mai ne ake kankare ma suna?"

"Haka nis same shi."

"Ina?"

"Ke jandarma ce, Auta?"

Jamila ta zauna a bakin gado. Ta riga ta yi niyya.

"Inna, kwana biyar ba ki salla."

Ta ɗauka faɗa za a yi. Sai ta ga uwarta ta sunkuyar da kai tana murmushi, murmushin kunya irin na budurwa.

"Mace ba ta hutun salla?"

"Shekara huɗu da kika ce min kin gama da wannan. Ni kika ba sauran audugarki."

"To abin ya dawo, ikon Allah ne." Ta gyara zama. "Kin manta yadda nike da? Zahi ya taso min daga ƙirji cikin kasuwa, zuhwa ta jiƙe ni har in ɓata shaddar mutane. Ba barci. In yi ta kuka ba wanda yat taɓa ni, har kuka hwara cewa iska gare ni. Yanzu hwa? Ina barci, ina dariya, jikina ya dawo nawa. Har jinin ya dawo. Mi ne laihi ciki?"

Ba ƙarya ta yi ba, Jamila ta sani. Ita ta riƙa shanya zanin gadon nan kullum safiya kamar na mai fitsarin kwance. Daɗin da Inna ta samu ɗin ne ma ya fi ba ta tsoro, don ba ta taɓa jin man da yake mayar da ƴar shekara hamsin da huɗu baya ba.

"Tun yaushe kike shafa shi?"

"Wata biyu."

"Jinin fa?"

"Wanga ne na hwarko."

Da sauri ta faɗa, idonta a kan gyaɗa.

"Tanti Safiatou ce ta ba ki."

"Ki hidda ƙanwata cikin bakinki."

Jamila ta ɗauki kwalbar ta fita. Ba yau ta fara lura ba. Duk farkon wata Tanti za ta ƙetaro kogi da baƙin sashe na leda a hammata, su shige ɗaki su tura ƙofa, a ƙure rediyo. In ta fito kuwa ba ta yarda su haɗa ido, matar da a da sai ta tsaya ta zagi ɗinkin Jamila kaf kafin ta tafi.

*

A shagon ɗinki ta ɗauki hoton kwalbar ta tura wa Huda. Tare suka yi lakkol, makarantar boko, benci ɗaya, ita Jamila ta kama keken ɗinki, Huda ta zarce har ta zama lokotoron mata a wata kilinik. Ko minti biyu ba a yi ba portabul ɗin ta ɗauki ruri.

"Jami, ina kika samo wannan? Kada ki ce min ke ke shafawa, ko aure ba ki yi ba."

"Inna ce. Kin san shi?"

"Ko an kankare na san kwalbar. Estrojen ne, sinadarin da jikin mace ke ragewa in haila ta ɗauke. Shi ke kawo zafin nan da zufa in ya yi ƙasa. Wane lokotoro ya rubuta mata?"

"Babu lokotoro."

Jamila ta ji Huda ta rufe wata ƙofa.

"Guba ce ko? Ki faɗa min gaskiya."

"Ba guba ba ce. Magani ne mai kyau, ni kaina ina rubuta shi, mata da yawa sun samu lafiya da shi. Amma ba a ba mace sai an auna ta. A duba tansiyo, wato hawan jini, a duba nono, a tambaya ko jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko akwai ciwon daji a dangi. Inna tana da mahaifarta, ko an taɓa yi mata aiki?"

"Ko allura ba ta so, balle aiki."

"Akwai wasu ƙwayoyi da take sha tare da shi?"

"Na birkice ɗakin, shi kaɗai ne."

"To saurara da kyau. Mace mai mahaifa ba a ba ta wannan shi kaɗai. Yana sa bangon mahaifa ya yi ta kauri, sai an haɗa shi da na biyu, projesteron, mai tsare bangon. In aka daɗe ba a haɗa ba, kaurin na iya juyewa ya zama mugun abu. Wadda ake rubuta ma shi shi kaɗai, ita ce wadda aka cire ma mahaifa."

Jamila ta dafa keken ɗinki.

"Huda, tana zubar da jini. Ta ce haila ce ta dawo, har ta bar salla."

"Haila ba ta dawowa bayan shekara huɗu. Jinin ciwo ne sai an tabbatar ba shi ba ne." Muryarta ta canza, babu sauran wasa. "Kada ki ruɗe, sau da yawa ba daji ba ne. Amma ki kawo min ita yau kafin ƙarfe biyar in yi mata eko, hoton ciki. A shekarunta mukan so mu ga bangon bai wuce milimita huɗu ko biyar ba. Kuma ina son gaskiyar watannin da ta yi tana shafawa, ba abin da ta gaya miki ba."

Bayan ta kashe, magana ɗaya ce ta yi ta kai da komo a kan Jamila: wadda aka cire ma mahaifa. A iya saninta babu mai irin wannan a danginsu. Ita Tanti ma haihuwa take nema har yau. To ordonansin wa, wato takardar magani, take kaiwa farmasi, kuma me Inna ta yi mata da za ta ɗora ta a kan abin da zai ci ta daga ciki?

Ta ja ƙofar shago ta tare ɗan kabu-kabu.

*

A Kirkissoye ta iske Tanti Safiatou a gindin itacen bedi tana tsinke zogalen kopto, kwaɗon da take sayarwa da yamma. Shekararta arba'in da huɗu, ashirin daga ciki a gidan mijinta Tonton Lawali direba, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Tana ganin Jamila hannunta ya tsaya cikin kwando.

"Lahiya, ɗiyata? Ina Yaya?"

Jamila ko gaisuwa ba ta yi ba. Allah ya yafe mata, ni dai ban ga laifinta ba. Ta ajiye kwalbar a kan zogalen.

"Ba ni san wanga abu ba," in ji Tanti.

"Ban tambaye ki ba tukuna, Tanti."

Tanti ta ci gaba da tsinka, sai dai ganyen take zubarwa ƙasa tana tara itacen a kwando.

"Ke kike kawo mata shi duk wata. Ina kike samu?"

"Wata ƙawata ta ba ni."

"Wa ce ce? Mu je gidanta yanzu."

"Ta yi tahiya."

"Mi ya sa kika kankare sunan?"

"Ke, ni sa'arki ce? Taimakon ƴar'uwata niy yi. Kuna kallonta tana narkewa kamar man shanu, ba wanda yay yi komi. Ni na share mata hawaye, yau kuma ni ce muguwa?"

"Jini take zubarwa, Tanti."

"Na sani. Ai alheri ne, jikinta ne yat tashi."

"Kin sani." Jamila ta maimaita a hankali. "Ita ta ce min wannan ne na farko. Yaushe ta gaya miki?"

Tanti ta kau da kai.

"Lokotoro ta ce ba haila ba ce. Ta ce man nan yana kumbura mahaifa har ya iya zama daji. Ta ce shi kaɗai ba a rubuta ma kowa sai macen da aka cire ma mahaifa. Shi ya sa nike tambayarki sunan wa ke jikin kwalbar nan, don in wata kika haɗa baki da ita a kan uwata, wallahi yau sai na sani."

Kwandon ya zame daga cinyar Tanti, zogale ya watse a ƙasa. Ba ta duƙa ta kwashe ba.

"Mi tac ce? Daji?"

"Haka ta ce."

"Don Yaya tana da mahaihwa?"

"Eh."

Tanti ta ɗora hannu biyu a ka. Ta daɗe a haka, kaji suka zo suna tsattsagar zogalen ba ta kore su ba.

"Sunana ne," ta ce. "Sunana ne nik kankare."

Jamila ta tsaya kallonta.

"Aikin da aka yi min shekara shida, da muka ce apandisit ne. Ba shi ba ne. Ƙari ne yac cika min mahaihwa, suka hidda ta duka, har da ƙwayayen. Lawali kaɗai yas sani, shi yas sa hannu. Bayan aikin zahin nan yat taso min, shi ne lokotoro yar rubuta min man."

"Bai ce kada ki ba kowa ba?"

"Ya ce. Amma wane magani ne ba su cewa haka? Wa ke cikin garin ga da bai taɓa shan maganin maƙwabci ba? Ya ce min ke tunda ba ki da mahaihwa wanga kaɗai ya ishe ki. Ni na ɗauka sauƙi ne yay yi min. Ban san kashedi ba ne." Hawaye suka zubo mata. "Na so in kai ta wurinshi. Amma in na kai ta zai buɗe takarduna a gabanta."

Fushin da Jamila ta ɗauko tun daga Boukoki ya rasa inda zai sauka. Ta tuna Inna duk Juma'a da gorar rubutu a jaka, na haihuwa, tana ƙetare kogi. Ta tuna ruwan zamzam da ta ɗauro daga Makka ta shafa wa cikin nan da hannunta. Akwai ma wata shadda ruwan ƙasa a shago da Inna ta hana sayarwa, wai ta ranar sunan ɗan Safiatou ce. Tausayi ya kama Jamila, haushi ma bai sake ta ba.

"Wata nawa, Tanti? Lokotoro na son gaskiya."

"Sha bakwai."

"Ta ce min biyu."

"Sha bakwai. Kuma ni sau ɗaya nike dannawa. Ita da taj ji daɗinshi sai ta koma biyu, sahe da marece." Ta jawo portabul daga ƙugu, ta nemo wani saƙon murya ta danna.

Muryar Inna ta fito tana dariya ƙasa-ƙasa, tana kiran Tanti da sunan gida. "Sahiya, albishirinki. Ƴar'uwarki ta koma yarinya, yau na sha azumi."

Jamila ta duba kwanan watan. Azumin da ya wuce ne, wata takwas ke nan.

"Tashi ki ɗauko mayafi," ta ce. "Ni ba za ta bi ni asibiti ba. Ke za ki gaya mata."

*

Sun iske Hajiya Mariyam ta yi wanka ta sa kwalli. Tana jin kalmar kilinik ta ɗaure fuska.

"Ba inda za ni. Lahiyata lau. Baƙin ciki kuke don na samu sauƙi? Sahiya, ke ma kin biye ma yarinya?"

Tanti ta tura ƙofa, wannan karon ba ta taɓa rediyo ba. Ta durƙusa a gaban yayarta, ta sassauta zani, ta nuna mata tabon da ya ratsa ƙasan cikinta daga gefe zuwa gefe.

"Yaya, apandisit ba ya barin irin wanga."

Ta faɗa mata duka, ba ta rage komai ba. Hajiya ba ta katse ta ba. Idonta na kan tabon har aka gama.

"Shekara shida," ta ce daga baya. "Rubutun da nike kawo miki hwa?"

"Ina sha, Yaya. Ko ɗigo ban taɓa zubarwa ba."

Hajiya ta miƙa hannu kamar za ta mare ta. Sai ta ja zanin ta rufe mata cikin, ta ɗaure mata shi da kanta yadda ake yi wa yaro.

"Auta, miƙo min mayahina."

Suka shiga taksi. Hajiya na tsakiya, ta riƙe hannun ƙanwarta gam, amma fuskarta na wajen taga.

*

Biyar saura kwata suka shiga. Huda ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta yi ta janta da wasa har ta samu ta kwanta.

"Inna, ke da kike korar mu da muciya in mun ci miki ƙanzo, yau kin shigo hannuna."

"Ki yi a hankali dai, ɗiyata."

Ta tambayi watanni, Jamila ta ce sha bakwai, sau biyu a rana, jini tun azumi. Alƙalamin Huda ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba. Ta ja labule, ta bar Jamila a wajen kan gado, Tanti kuma ta rakuɓe a jikin bango tana jan carbi.

Hoton ya fito a allon na'urar, baƙi da toka-toka, Jamila ba ta gane komai ba. Fuskar Huda take kallo. Huda na cikin ba da labarin ƙanzo ta yi shiru a tsakiyar magana. Ta danna wani maɓalli, ta ja layi daga nan zuwa can. Ta goge, ta sake ja. Ta sake gogewa, ta ja na uku.

A ƙasan allon wata lamba ta fito. Jamila ba ta yi nisa a lakkol ba, amma ta iya karanta lamba, kuma ba ta manta huɗu ko biyar ɗin da aka gaya mata ba.

Sha tara.

Huda ta juya allon ya bar kallon gado.

"Jamila," ta ce. Tun suna aji ɗaya ba ta taɓa kiran sunan ya cika ba. "Kira yayyenki. Gobe da safe za mu ɗebi naman wurin a kai analiz a gwada shi, ina so a samu babba a kusa."

Carbin Tanti ya tsaya.

Daga masallacin bayan kilinik aka ta da sallar wasu da suka makara la'asar. Hajiya Mariyam ta saurara har aka yi kabbara, sannan ta ɗago kai daga matashi ta dubi Huda.

"Ɗiyata, in ba haila ba ce, wata takwas ina ajiye salla a kan mi?"

Huda ta sake duban allon.